Tanko Yana Can Cikin Rijiya

A gidanmu na Agege, bayan layin dogo, ba sai an ɗauke wuta muke tatsuniya ba, don dama ba kasafai ake kawo ta ba. Kakata, Iya, tana suyar ƙosai a ƙofar gida bayan magariba. Da ciniki ya ja baya sai mu jikoki mu kewaye murhun, kowa idonsa na kan guntattakin da suka rage a kasko. Motocin haya na danfo na ta zuba hon a titi, ko a jikinta.

"Ga ta nan tafe," in ji ta, "mai surutu ba shi da ƙosai." Mu ce ta iso.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta Tanko mai haƙar rijiya. Tanko ƙarfi gare shi, daga can ƙasa yake cillo ƙasar waje da hannu ɗaya, shi ya sa ba ya neman mai riƙe masa igiya. Tsofaffin mahaƙa kuwa, duk kamu ɗaya sai su tsaya su sare ɗan gurbin sa ƙafa a bango, dama da hagu. Tanko ya ce wannan ɓata lokaci ne, shi ruwa ya zo nema. Ya shiga daji shi kaɗai, ya yi ta haƙa, kafin la'asar ya tarar da ruwa mai daɗi. Ruwa ya tsaya masa a ƙirji, bango ya jiƙe ya yi santsi, duk gurbin da ya sara sai ya zube. Ya ɗaga kai, ga sama can kamar faifai.

Nan Iya take yanke labarin ta hau kankare kasko.

"Iya, ya fito?"

"Yana can, maigidana. Ƙishirwa dai ba za ta kashe shi ba."

Kai, haushi nake ji! Na ɗauka rowar ƙarshen labari take mana.

Yau na yi furfura a aikin rubuta manhajar kwamfuta. Kwanakin baya muka yi wa wani asibitin haihuwa a Abule Egba sabuwar manhaja ta ajiye bayanan masu juna biyu: sunan mace, rukunin jininta, maganin da jikinta ba ya so. Ogana ya ce ranar Litinin za a kunna. Na ce sai na gama gina hanyar komawa tsohuwar manhajar ba tare da sunan kowa ya ɓata ba, kuma zai ci mako guda.

"Malam, abin nan yana aiki. In ba ka iyawa, akwai masu iyawa."

Na san kujerata yake nufi, ga iyali, amma na kafe. Ya ba ni makon, ya daina amsa gaisuwata.

Muka kunna da safe, komai lafiya lau. Da hantsi sai ta tsaya cak. Wata nas ta bugo waya muryarta na rawa: ga mace tana zubar da jini, mijin ba ya kusa, suna son rukunin jininta yanzun nan, allo kuma ya ƙi motsi. Ban tsaya neman dalili ba. Na mayar da su kan tsohuwar, nas tana kan layi na ji ta karanto wa likita. Matar ta tashi, ita da jaririnta.

Ranar na gane Iya ba rowa ta yi mana ba. Ba ta da ƙarshen da za ta ba mu ne, don tun a bakin rijiya Tanko ya gama nasa labarin. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba. Yanzu duk wanda ya kawo mini aiki yana murna ya tarar da ruwa, nakan yaba masa, sannan in tambaye shi ta ina zai fito. Wasu su ji haushi, kamar yadda na ji a gaban murhu.

Tanko kuwa, iya sanina, yana can.