Abin da Ke Ƙarƙashin Kabar Giwar Iya Hajjo

Zan fara da neman afuwa, domin mai yiwuwa wasu abubuwan sun cakuɗe mini. Ina ƙarami a lokacin, kuma na lura labarin da mutum ya yawaita maimaitawa yakan koma yadda yake so ya kasance. Shukar dai tana nan a tsakar gidana a unguwar Dogo Tebo, ita ba tuna ta nake yi ba, kallonta nake yi.

Kakarmu Iya Hajjo, mahaifiyar babanmu, ta bar ruga ta zauna a unguwar Yindiski da wata kabar giwa a tukunyar ƙasa. Duk sa'ad da shukar ta cika tukunyar, sai ta sayo babba, ta aike mu ɗebo yashi da busasshen kashin shanu. Da mun kawo sai ta kore mu, ta ja kayanta bayan ɗaki ta ba mu baya. Tana raye ban taɓa ganin saiwar shukar nan ba, kuma ina jin babu wanda ya gani.

A irin wannan ranar, bayan an ci tuwo ana zaune bakin murhu, ba ta jira a roƙe ta tatsuniya.

"Matso nan, mijina," takan ce da ni, "kar hayaƙi ya ƙara maka muni. Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri."

Wai wata mata ce, wata tsohuwa ta ba ta shukar da ba ta bushewa ko rani ya kai inda ya kai. Sharaɗi ɗaya aka yi mata: idan za ta sauya tukunya, ta ɗauke ta da ƙasarta, kada ta karkaɗe saiwa. Shuka ta yi kyau, mutane suna zuwa neman ganye don ƙuna da ciwon ciki. Amma matar ta kasa sukuni, tana cewa ruwa kaɗai ba ya yin wannan. Ranar sauya tukunya sai ta karkaɗe ƙasar, ta wanke saiwar, ta warware ta sili-sili. Kafin gari ya waye ganye ya kwanta.

"To me ta gani a ciki, Iya?" Yaya Sale, babban wanmu, ya taɓa tambaya.

"Ta ga abin da ta gani. Tashi ka je ka tambaye ta, mai ƙaton kai."

Muka yi dariya. Amma ina tsammanin, ko da yake ba zan rantse ba, idonta na kan tukunyar ne ba kanmu ba. Daga baya na tambayi abokan karatuna a jami'a, Bolawa da Ngizim da Fulani, babu wanda ya san wannan tatsuniyar. Ita ma ba ta yin ta sai ranar sauya tukunya.

Bayan rasuwarta shukar ta dawo hannuna. A farkon daminar bana tukunyar ta tsage, dole na sauya. Na jiƙa ƙasar, na kwantar da tukunyar, na zare shukar a hankali. A can ƙasa saiwoyi sun dunƙule kamar hannun yaro, sun naɗe wani abu mai tauri. Na taɓa da yatsa. Yana iya zama tsingaron da ake rufe hujin tukunya da shi, yana iya zama fata ɗinkakkiya. Ba a gani sai an yanka saiwar. Na saka shi a sabuwar tukunya yadda na same shi.

Matata ta gani, maganar ta kai kunnen Yaya Sale, sai ga shi da kansa.

"Idan laya ce, ba za ta zauna a gidan ƙanina ba. Kawo wuƙa."

"Yaya, idan aka yanka mutuwa za ta yi. In kuma tsingaro ne fa?"

"Kai da iliminka, tatsuniya kake tsoro?"

Na roƙe shi ya bari ta kama ƙasa tukuna. Ya ce ya ba ni zuwa ƙarshen damina.

Da can na ɗauka haƙuri Iya take koya mana. Yanzu ina zargin shinge ta kafa wa tukunyarta, ta kafa shi a cikin kanmu, kuma a kaina ne kaɗai ya tsaya. Ko ɓoyo take yi, ko saiwa take karewa daga hannun jikoki, ban sani ba. Ba na son na zarge ta tana kabari, ba na kuma son na ajiye abin da bai dace ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya zauna bakin murhun nan, ko maƙwabciyar da ta taɓa leƙa bayan ɗakin, idan na yi kuskure a gyara mini, idan an ga abin da ta saka a faɗa mini. Shukar ta fitar da sabon ganye. Gero kuma ya fara nuna, jiya Yaya Sale ya aiko yana tambaya.