Dutsen Niƙan Iya da Tayar Hagu

Kowa a gidanmu na Unguwar Ya cewa yake asiri ne ya ci tayoyin Baba, wai wani direba a tashar Birnin Kudu ne ya sa shi a gaba. Ƙarya ne, kuma na gaji da jin ta. Ina wurin, shekarata tara, kunnuwana kuma lafiya lau.

A shekarun da motoci suka fara yawa, Baba yana tuƙa wa wani Alhaji akori-kura tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. A damina ɗaya tayar gaba ta hagu ta cinye sau uku. Duk wadda ya cire sai ya kawo gida a yanka, a riƙa zuba wa kaji ruwa. Iya, kakarmu, ita ke da kajin. Na sha ganin ta tana shafa tayoyin da tafin hannu: gefen waje zanensa raɗau, gefen ciki sumul kamar bayan ƙwarya. Duka ukun wuri ɗaya.

To amma Baba ɗan farinta ne. Ba ta yi masa magana ido da ido, ko sunansa ban taɓa ji a bakinta ba. "Ku ce wa wancan tuwonsa na hucewa," iyakarta ke nan.

Ran nan bayan magariba muka zagaye murhu yadda muka saba. Washegari Baba zai kwashi matan gida zuwa suna a Farin Dutse, har da ni da Inna, mahaifiyata, da tsohon cikinta. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana cin tuwo. Iya ba ta ko jira mun amsa mata buɗewar tatsuniya ba, kuma ta ɗaga murya fiye da kullum.

Wai wata mata ce dutsen niƙanta yake cinyewa ta gefe ɗaya. Ta ce dutsen banza ne, ta sake wani. Shi ma haka. Ta ce maƙwabta sun yi mata baki, ta sake na uku. Sai wata tsohuwa ta zo ta zauna, ba ta kalli dutsen ba, ta kalli mai niƙan. Ashe matar ta faɗo daga bishiyar da aka hana ta hawa, kafaɗarta ta goce, ta ɓoye. A karkace take niƙa.

"Tsohuwa ta ce, 'Yarinya, dutse ba ya cin kansa. Ko ki nuna kafaɗar nan a ɗora, ko na huɗu ya tsage a hannunki. Ga kuwa 'yarki nan kullum a gindinsa tana lasar gari.'"

Iya ta tura kara cikin wuta.

Na ce, "Sai me, Iya? Ta nuna?"

"Ke dai akwai gaggawa, kamar mai jin fitsari. Ban sani ba. Sai gobe."

Ba ta rufe tatsuniyar ba. Ba wanda ya yi dariya. Na waiga, na ga hannun Baba a cikin kwano, bai fito ba, bai motsa ba. Can ya ce da Inna, ba da Iya ba, "A gaya wa mata su haƙura da goben nan."

Da safe ya tafi wurin Alhaji ya faɗi komai. Farkon damina ya afka kwalbati kusa da Kwandiko, gudu yake yi. Ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafar hagu ya lanƙwashe, ya miƙe shi da guduma don kada a sani. Tun daga nan tayar a karkace take gogar ƙasa. Da bakanike ya kwance ƙarfen, ya tarar ya tsage, tsagar ta wuce rabi. Alhaji ya karɓi makullinsa. Baba ya koma gona, bai sake tuƙi ba. Labarin asiri kuwa Inna ce ta ƙaga don ta rufa masa, har ita ma ta yarda da shi.

Na daɗe ina jin haushin Iya. Rayukanmu a kan ƙarfe tsagagge, ita tana kewaye-kewaye da dutsen niƙa! Sai da na girma na gane hanyar da take da ita ke nan, kuma ta san aikin ɗanta take kashewa da bakinta.

Yanzu ƙanena Ado ke tuƙa tasi. Makon jiya na shafa tayarsa ta gaba, gefen ciki ya tafi. Bakanike ya gaya masa: in gefe biyu suka ci, iska ce ta yi kaɗan, in tsakiya, ta yi yawa, in gefe ɗaya, ƙafar ce ba daidai ba, a kwance a duba. Ado ya ce maƙiyan Baba ne suka dawo kansa, ya rataya laya a madubi. Baba yana ji, ya sunkuyar da kai.

Ni ban iya tatsuniya ba, kuma ba ni da haƙurinta. Ranar Juma'a in sun dawo daga masallaci zan riƙe makullin Ado, in ce da Baba ya faɗa masa abin da ya faru a Kwandiko. In ya kasa, ni zan faɗa wa Ado, a gaban Baba.