Ranar da Na Hana Mma Azara Ganye

Har na bar aiki ban manta da ranar da na hana Mma Azara zuba abinci a ganye ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in duba-gari, waɗanda mutanen Tamale ke kira tankas. Aikinmu mu zagaya masu sayar da abinci, mu duba tsabta, mu yi gargaɗi, wanda ya ƙi ji mu kai shi kotu.

A wata damina amai da gudawa ya ɓarke, shugabanmu ya ce a tsananta. Ni kuwa ga sabon kaki, ga rawar kai. Na iske Mma Azara a rumfarta a unguwar Dabokpa, dattijuwa mai tuwo da shinkafa da wake, tana naɗe wa mutane a ganye. Na ce daga yau sai leda.

"Ofisa, da ganye nan uwata ya ciyar da mu," in ji ta.

Na ce zamanin uwarta ya wuce. Har yau ina jin kunyar wannan magana.

Ta bi umarni fiye da kowa. Tuwo na tururi take ƙulle shi a leda, miya ma haka, shinkafa a kan wuta ta lulluɓe ta da leda. Abin da take sayarwa shi take ci kullum. Ni da hannuna na miƙa mata takardar yabo.

Bayan shekaru aka tura mu bita. Wata likita ta bayyana mana cewa zafi da mai suna fito da sinadaran da ke jikin leda, su shiga abinci, su bi jini zuwa ƙoda, su yi ta raunata ƙananan ƙwayoyin da ke tace shi. Ana tashi na nufi Dabokpa, na tarar da rumfar a rufe. Maƙwabta suka ce tana asibiti, ana yi mata wankin ƙoda.

Likitanta ya ce ba zai rantse leda ce ba, don tana da hawan jini. Wannan bai rage mini komai ba. Na same ta ƙafafu a kumbure, na ce gafara na zo nema. Ta rasa gane laifina.

"Ofisa, ai kai ka gyara ni. Takardarka yana nan a bango."

Ku sabbin shiga aikin duba-gari, an koya muku yadda za ku yi da mai taurin kai. Ni dai tun daga ranar, wanda zai bi maganata ba musu shi na fi tsoro.