Janaretan Layinmu da Hotunan Inna

Yayan matata ya taɓa zama a birni yana sayar da cajar waya, shi ke nan ya dawo da sunan Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa, kuma idan ka kira shi Yaya kawai, sai ya yi kamar da wani kake. Ban taɓa ganin mutumin da ya san sunayen abubuwa da yawa bai san aikinsu ba kamarsa.

A lokacin ina da ɗan shagon buga takardu a bakin titin Sheme. Kwamfutata tsohuwa ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai da wuta take numfashi. Tsarin da ke kanta irin na kyauta ne, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara, kuma kai za ka zaɓi fuskar da kake so, wato yadda tagogi da alamomi za su bayyana a allo. Ni marar nauyi na ɗora mata, ba ado. A cikinta na ajiye hotunan gidanmu na ƙauye ta wajen Sabuwa, wanda rashin zaman lafiya ya raba mu da shi, da hotunan mahaifina a gonar dawa kafin ya rasu. Wayar da ta ɗauke su ta lalace, babu su ko'ina sai nan. Duk Juma'a mahaifiyata, Inna, takan zo shago ta zauna a benci in buɗe mata, tana cewa "matsa gaba" har mu kai kan Malam, mahaifina ke nan.

Abin da na so kawai shi ne in ƙara wa alamomin girma, don Inna ta riƙa dannawa da kanta. A kan haka Injiniya ya same ni. Ya leƙa allon ya taɓe baki.

"Mi za a yi da wagga fuska ta tsofaffi? Tashi ka gani."

Wan mace ba a ja masa kujera a gaban mutane, na tashi. Ya zaro ɗan filashin ajiyar bayanai daga aljihu yana juya shi a yatsa, ya ce zai ɗora mani fuskar da tagoginta ke lanƙwasa idan ka ja su. Sai dai wurin ya yi kaɗan, dole ya matse ɓangaren da hotuna suke ya ba sabuwar fuska fili.

A layinmu janareta ɗaya ne ke ba mu wuta, na Alhaji mai injin niƙa, kuma masallaci yana jingine da shagonsa. Da an tada salla yake kashe shi don a ji liman. Akuyar layin ma ta san haka. Na ce, "Yaya, La'asar ta kusa, Alhaji zai kashe inji. A bari sai an idar."

Ya yi dariya, ya ce a birni ba a tsayar da aiki don wannan. Ya gyara hula ya je ya gaya wa Alhaji cewa ana babban aiki, kada a taɓa janareta. Alhaji ya ce, "To, madalla," irin wadda dattijo ke ba baƙo don ya wuce. Injiniya ya dawo yana hura hanci, ya danna. Wani layi ya fara tafiya a allo a hankali, ƙarƙashinsa an rubuta gargaɗin kada wuta ta yanke. Ya karanta mani da ƙarfi, da Turancinsa na masu caja, kamar shi ya rubuta.

Layin bai kai rabi ba ladan ya tada iƙama. Inji ya yi tari ya mutu.

Bayan salla muka kunna, sai baƙin allo da fararen rubutu. Ya yi ta buga kalmomin da yake kwafowa daga wayarsa, gumi yana bin wuyan rigarsa. Ya zagi janareta, ya zagi ƙauyanci, ya zagi batir. Daga nan ya share komai ya sake ɗorawa daga farko, bai ko tambaye ni ba. Da na ce ina hotuna, sai ya ce ai kowa ya san ana ajiye kwafi. Ni kuwa ba ni da kwafi ko ɗaya.

Fuskar kuwa ta hau. Tagogi suna lanƙwasa, kwamfuta tana nishi kamar jaki a hawa. A allon, bayan tagogin, ya sa hoton wani dutsen ƙasar waje mai ƙanƙara.

Ranar Juma'a yana nan, bai tafi ba, yana jiran yabo. Inna ta zo ta zauna a bencinta. Ya ja taga ta karkace, ya ce, "Inna, kin ga aiki ko?"

Ta daɗe tana duban dutsen. Ta ce, "Ya yi kyau, Allah shi yi albarka." Sannan ta juyo gare ni ta gyara zama.

"To, matsa gaba mu je wurin Malam."