Karan Dawa a Ma'adi

"Ɗaki na kama haya ko rumbu? Mardiya, da ke nake!"

"Malam, ranar Alhamis zan kwashe."

"Alhamis! Jiya na buɗe littafi na tarar da ɓawon kara a ciki. Mutum ya baro Malumfashi ya zo Misra neman ilimi, ki biyo shi da gona?"

"To ɗaga ƙafarka, mota kake taka mini."

Sai na ji an bugo ƙofa, takalman Malam Ukasha suka sauka bene. Bangon da ya raba ɗakina da nasu a unguwar Darrasa siriri ne, ko atishawa ta yi ina iya ce mata yarhamukillah. Da safiyar Juma'ar nan na leƙa, na same ta zaune a ƙasa cikin rigar sanyin mijinta, tana ɓare kara da haƙori.

Shekararta shida a Alƙahira. Da takardar koyarwa ta zo, amma aikin da ta samu na dada ne a wata hadana a unguwar Ma'adi, makarantar 'yan shekara uku zuwa biyar. Dada ita ce mai share majina, mai raka yaro bayi, mai goge gam daga tebur in malama ta gama darasi. Kullum bayan asuba take fita, ta shiga taragun mata a metro, ta tsaya riƙe da ƙarfe har Ma'adi.

Tana da 'ya guda, Khairat. Da aka yaye ta aka mayar da ita gida wajen kakarta, don Mardiya ta samu fita aiki, Malam ya samu rubuta risalarsa ta digiri. Shekara uku ke nan. Duk Juma'a ana kiran waya, yarinyar ta laɓe bayan zanen kaka, sai an ce, "Zo ki gai da Antin Misra." Ba wanda ya gyara sunan, har ita Mardiyar.

In Disamba ta kama, ajinsu yakan cika da auduga. Mis Eman, malamar ajin, tana zana mutum-mutumin ƙanƙara, Mardiya ta yanka guda ashirin da biyu, yara su manna auduga. Daga malamar har dadar ba wadda ta taɓa ganin ƙanƙara tana sauka. Kafin hutu kuma a yi bikin al'adu, kowace ƙasa da teburinta. Bara hoton ganga da na zaki aka ɗora a teburin Najeriya.

Bana Mardiya ta shiga ofishin mai makarantar, Madam Sulafa, ta ce a bar mata teburin. Ta ce su ma suna da aikin hannu na lokacin sanyi. In an girbe dawa an jibge kara, yara sukan zauna a hantsi su ƙera mota, da tabarau, da gadon 'yar tsana. Madam ta ce tamam, da sharaɗi guda: kada abu mai kaifi ya shiga hannun yaro, a nan ko almakashinsu ba shi da tsini. Ta kuma tuna mata maganar Fiddausi.

Fiddausi ita kaɗai ce Bahaushiya a ajin, shekararta huɗu da rabi, mahaifinta a ofishin jakadanci yake. Farkon zangon Mardiya takan sunkuya ta ce mata, "Kin ci abinci?" Yarinyar ta dube ta, ta juya wajen Mis Eman ta amsa da Turanci. Da uwarta Hajiya Batulu ta ji, sai ta kai ƙara: Turanci suka kawo 'yarsu ta koya, Hausa akwai a gida. Aka ja wa Mardiya kunne, aka ce in ta sake a bakin aikinta. Tun daga nan Hajiya da Turanci take gai da ita a ƙofa, in ta gai da ita ɗin.

Bawwab ɗin gidanmu, wato mai gadi, mutumin Sohag ne, shi ya ɗauko mata dami guda na karan dawa daga ƙauyensu a jirgin ƙasa, yana ta dariya wai abincin jaki za a kai Ma'adi. Kwana shida tana ɓarewa. Ɓawon ta tsaga shi siri-siri ta kankare gefensa da wuƙa har ya daina yanka, totuwar ta yanka ta gunduwa-gunduwa, yara sai dai su soka wannan cikin wancan. Yatsunta duk suka tsattsage.

"Maman Khairat," na ce mata, "duk wannan wahala don 'ya'yan mutane?"

"Ba sa sanin komai ne, sai auduga."

A gefe na ga kara guda, miƙaƙƙe, mai sheƙi, ba ta taɓa shi ba. Na ce ta manta wannan. Ta ce ba ta manta ba.

Abin da ya faru ranar Alhamis daga bakinta na ji. Teburinta ya fi kowanne cika. Yara suka bar kek ɗin teburin Jamus suka yi layi, kowa na son tabarau. Wata Reem ta sa nata ta ƙi cirewa har wajen cin abinci. Iyaye na ta ɗaukar hoto, Madam Sulafa ta dafa kafaɗarta ta ce, "Bravo ya Mardiya." Karo na farko ke nan da ba ta ce mata dada ba.

Fiddausi ta tsaya nesa, hannu a baya. Sai da layi ya ƙare ta matso. Mardiya ba ta ce mata komai ba, an hana ta. Ta zaro karan nan daga jakarta, ta ciji bakinsa ta ja ɓawon a hankali, sannan ta miƙa mata. Yarinyar ta karɓa, ta cija, ta ja, ta yi dariya. Ta sake kama wani ɓawon da hannu ta fizga.

Yankan bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Amma jini ya ɗiga kan audugar da aka yi wa teburin ado da ita, yarinyar ta gani.

"Wayyo Allah! Wayyo Anti, hannuna!"

Mis Eman tana kusa, uwarta ma tana tsaye bakin taga da waya a hannu. Yarinyar ta wuce su ta faɗa jikin Mardiya. Ita kuma ta yi abin da aka yi mata tana ƙarama, ta sa yatsan a bakinta ta tsotse jinin, tana cewa, "Yi shiru, 'yar gidana, yi shiru, kara ne kawai." A gaban iyaye ashirin.

Hajiya Batulu ta fizge 'yarta. Wannan karon da Hausa ta yi wa Mardiya magana, kuma ba ta rage komai ba. Madam Sulafa ta jira aka watse, ta ce ma'alish, khalas, bayan hutu ba sai ta dawo ba.

Kafin magariba na ji tana jan dami a bene. Na fito na same ta a ƙofarsu, ta kai wa bawwab sauran karan ya hura wuta. Malam yana laburare, bai sani ba tukuna. Mota guda ta rage, ina hango ta kan taga, ban tambaye ta ta wa ce ba. Wata tambayar ce ta tsaya mini, don na ga karan nan tun ranar Juma'a.

"Kin san yana yanka."

"Wane ɗa ne a garinmu kara bai yanka ba?"

"Ba haka na tambaye ki ba. Kin kankare na yara ashirin da ɗaya, kika bar nata."

Ta daɗe tana duban yatsunta. Na ɗauka za ta ce so ta yi yarinyar ta koya yadda ake yi a gida, kuma da na yarda, don wataƙila rabin gaskiyar ke nan. Ta sa mukulli, ta tura ƙofar, ɗakin ba kowa, an share shi tas.

"Ban so ta ji ciwo ba, Allah ya sani," ta ce. "Amma kin ga, shekara uku ke nan ba wanda ya yi kuka ya nufo ni."