Bunsurun Kakata da Shingen Madam

Shekarun baya can, a shekarar da Nasara suka naɗe kayansu aka ce mun samu mulkin kai, ina aiki a gidan likitan dabbobi na Agiye. Karatuna bai yi nisa ba, ban ma ƙare lakol ba, wato makarantar boko. Abu guda ya sa aka riƙe ni: in an ce mini ga doka, to an gama magana.

Dokar da aka ɗora mini ita ce ta jar akuya. Fatar jar akuyar ƙasarmu tana da daraja, har ƙasashen waje ake kai ta, don haka hukuma ba ta son irin ya gauraya. Duk bunsurun da ba ja ba ne, baƙi ko fari ko mai roɗi-roɗi, sai a dandaƙe shi ya zama taure. Ni ke yawo ƙauye-ƙauye a kan doki, da wani ƙaton awartaki a jaka. Na yi wa bunsurun liman, na yi wa na maigari, na yi wa na mahaifina yana tsaye yana kallona. Yara suka sa mini Sarkin Dandaƙa. Mutane suna jin haushina, amma ba mai cewa na taɓa ɗaga wa wani ƙafa, kuma da wannan shaida nake shiga kowane gari kaina a sama.

Da likitanmu Anasara zai koma ƙasarsu, matarsa, wadda muke kira Madam, ta bar mini wasu 'yan itatuwa da take reno a cikin rabin tano, irin wanda ake zubo kananzir a ciki. Ganyensu kore ne da fari dabbare-dabbare, kuma ba sa zubar da shi ko da bazara, muddin suna shan ruwa. Ta faɗi sunan itacen, ya fi ƙarfin bakina, na bar shi a can. Amma ƙa'idojinta na riƙe su. Na farko, ruwa da safe kafin rana ta yi zafi. Na biyu, in damina ta sauka a yanki reshe a dasa, zai kama. Na uku, wanda ta fi ja mini kunne a kai: duk reshen da ya fito kore zalla, babu fari a jikinsa, a datse shi nan take, domin ya fi mai roɗin ƙarfi, in an bar shi zai cinye itacen duka ya koma kore.

Na bi su bi da bi. Kafin damina ta biyu ta wuce na ja shinge daga zaurena har kusurwar katanga, a miƙe kamar an sa igiya, don kuwa na sa igiyar. Guda ɗaya na bari a tano, na ɗora shi can sama a kan tarin bulo kusa da ƙofa. Masu zuwa kasuwa sukan tsaya su duba. Wasu su ce itacen ba shi da lafiya, in yi musu bayani. Ina son bayani.

To, bunsuru ɗaya ne ya gagare ni a duk faɗin yankin, kuma na kakata ne, mahaifiyar babana, da ke wani ƙauye gabas da Gazawa. Ƙato ne, fari da baƙi, da gemu kamar na alƙali. Zuwana na farko aka ce ya ɓata. Zuwa na biyu aka ce yana jeji da Fulani. A na uku ta jawo mini shi da kanta, ja wur tun daga kai har wutsiya. Na shafa bayansa, na duba tafina, sai ga shi ja. Ashe ta kwana tana shafe shi da lalle da karan dafi, jan rinin da dukawa ke sa wa fata.

"Kaka, wannan fa yaudarar hukuma ce."

"Kai dai maigidan ba ka da godiya. Ka ce ja kake so, an yi maka ja. Sai an haifo shi a gabanka?"

Kafin in buɗe jaka bunsurun ya ƙwace ya shige gonar gero. Na ce mata ta kawo shi Agiye ranar kasuwa, in ba haka ba in turo gardi, ɗan sandan hukuma, ya kamo shi. Labari ya riga ya bazu. Har an fara cewa awartakina ya san gidan da yake tsallakewa.

Ranar kasuwa da hantsi ina durƙushe gaban shingena da almakashi, sai ga ta a kan jaki, bunsurun na biye, rinin ya koɗe ya bar shi kala uku. Bayanta kuma mutane ne, yawancinsu waɗanda na taɓa ziyartar garkensu. Ba ta gaishe ni ba. Ta sauka, ta ɗauki wani reshe da na yar, ta juya shi.

"Wanga lafiyayyen mi ya yi maka ka sare shi?"

Da na yi shiru da na tsira. Amma an tambaye ni, ga kuma jama'a. Na miƙe na karkaɗe gwiwa, na ce na farko, kore zalla ko'ina akwai shi. Na biyu, mai roɗin shi ne abin nema, shi ne kyan itacen. Na uku, ba shi da ƙarfi, in ba a kare shi ba sai ya ɓace.

"Sake faɗin na biyun, kunnena ya tsufa."

Na sake. Wani daga baya ya yi tari.

"Wa ya koya maka?"

"Madam."

"Shi kuma awartakin, wa ya ba ka?"

"Likita."

"Mijin Madam ɗin?"

Na ce shi.

Ta juya wajen mutane. "Kun ji. Miji ya ce a kashe mai roɗi, mata ta ce a raya mai roɗi. Sun kasa shiryawa a ɗakinsu, sun hau jirgi sun bar wa jikana rigimar. To angona, an ce yanzu mu ke da kanmu. Kai wa kake bi, mijin ko matar?"

Ina da amsa, kuma har yau ina ganin amsa ce mai kyau: akuya fatarta ake saye, itace kuwa kallonsa ake yi. Na fara da "na farko", dariya ta danne sauran. Kafin a lafa ta zare almakashin daga hannuna ta zauna a gindin shingen, ta kama reshe mafi kyau.

"Ga bunsurun nan, yi aikinka. Kowa da ƙarfensa. Kana matsawa ina datsewa, mu share roɗi daga garin nan gaba ɗaya."

Na dubi shingen da na yi damina biyu ina reno, na dubi masu taure suna jira su gani ko doka ta san kaka. Sai idona ya faɗa kan wanda ke cikin tano, shi kaɗai a kan bulo, ba ya cuɗanya da kowa. Na ce na yanke hukunci. Abin da doka ke gudu shi ne gauraya. Don haka bunsurun zai zauna a tsare a gidana, a turke, ba zai ga akuya ba har abada. Ba a sake shi ba, ba a kuma dandaƙe shi ba. Mutane suka yi gunaguni, amma suka yarda cewa ɗauri ma horo ne. Kaka ta miƙo mini almakashi, ta ce yana son dussa da ɗan gishiri, kuma kada in yi masa tsawa.

Bai yi wata ba a gidana. Wata safiya na tafi aiki wajen Gidan Sori, tafiyar kwanaki, ya tauna igiyarsa ya fita. Ya fara da shingen, ya bi shi a tsare daga zaure har kusurwa, ya bar kututture. Ko a nan na yaba masa, bai tsallake ko ɗaya ba. Daga nan ya shiga unguwa.

Shingen ya sake toho, amma kusan duka kore zalla. Na datse, ya sake fitowa kore, har na haƙura. Bayan wata biyar kuma jajayen awakin maƙwabta suka fara haihuwa. Aka yi ta ɗauko mini 'ya'yan a hannu ana ajiyewa a ƙofar gida, fari da baƙi, ana yi mini barka. Sabon likitanmu, ɗan ƙasa, ya kira ni buro, wato ofishinsa, don ya yi mini faɗa. Ya fara, ya kai tsakiya, ya kifa kai a tebur kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya ɗago ya ce in mayar wa tsohuwa kayanta, tunda a ƙauye ɓarnarsa ba ta kai haka ba.

Ni na kai mata shi da kaina. Ta duba shi gaba da baya, ta ce ya rame.

Na ci gaba da aikina shekaru masu yawa, kuma rabin waɗanda na dandaƙe a Agiye jikokinsa ne. Sunan Sarkin Dandaƙa ya bi ruwa, aka koma ce mini Uban Roɗi. Har yau ban ce dokar jar akuya banza ce ba, tana da dalilinta. Abin da na koya shi ne, kafin in ɗauki ƙarfe a kan abin wani, in fara duba abin da na shuka a ƙofar gidana.

Na cikin tanon nan ya tsira, don bakin bunsurun bai kai kan bulo ba. Daga jikinsa na yi dashen da ke tsakar gidana yanzu. Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta. Amma duk safiyar da na ga koren reshe na ɗauko almakashi, sai na waiwaya tukuna, don har yanzu ban gaya mata ko mijin nake bi ko matar ba.