Wuƙar Mahauci a Teburin Jikokina

Tun da na bar wa ɗana rumfar atamfa a kasuwar Treichville, Lahadi ta zama ranar zamana a tsakar gida a unguwarmu ta Belleville. A nan na fara lura da wasan jikokina. Da an sallame la'asar, babbar jikata mai karatun aikin jinya takan fito da tebur, ta shimfiɗa taswirar wata ƙasa da ta zana da hannunta. Ƙannenta biyu da 'ya'yan 'yata masu zuwa daga unguwar Adjamé su kewaye ta. Kowa da mutumin da ya zama a cikin labarin: wannan maharbi, waccan mai magani, wancan ɓarawo. Ita ke ba da labari, su kuma su faɗi abin da mutanensu za su yi, sai a jefa ƙwayoyi irin na ludo masu fuskoki da yawa a ga ko abin ya yiwu.

Ƙwayoyin ne suka fara damuna. Na kira ta na ce, "Caca kuke yi mini a gida?"

Ta ce, "Tsoho, zauna ka kalla. In ka ga an aza wani abu, ka ƙone teburin."

Na zauna na kalla. Ba a aza komai, kuma da an kira magariba suke tashi. Sai na gane tatsuniya ce da aka ba kowa baki a cikinta. Har ta kawo mini taswirar na rubuta mata sunayen garuruwan da ajami, don a cewarta ya fi kama da tsohuwar ƙasa.

Wata ranar Asabar na same ta tana naɗe taswirar tana ɗaurewa da zare. Ta ce gobe ne wasan ƙarshe. Ƙanenta mai aikin walda kusa da tashar jiragen ruwa, wanda ya zama ɓarawo a wasan, ya hana labarin tafiya. Duk garin da suka shiga sai ya saci wani abu, ya jefa ƙwaya, ya tsira, ya sa a jakarsa. Sauran suna zaune suna hamma. 'Yan Adjamé sun ce ba za su ƙara shan cunkoson motoci a kan gada don su zo kallon sata ba. Ta daɗe tana gina ƙasar nan, na kuma ga idonta ya yi ja.

Na ce, "Me ya sata a baya-bayan nan?"

"Wuƙar wani mahauci."

"Wane mahauci?"

"Mahauci dai. Ba shi da suna."

"To da gari ya waye, da me ya yanka?"

Ta tsaya da zaren a hannu. Sai na ba ta labarin abin da na gani a Adjamé lokacin da nake sabon zuwa daga Nijar, ina zaune wajen wani kawuna mai sayar da nama. Kowane mahauci yana da alama a ƙotar wuƙarsa, kuma duk 'yan fawa sun san ta wane ce. Ranar da wuƙar kawuna ta ɓace, bai je wajen 'yan sanda ba. Bayan sallar azahar ladan ya tashi ya yi cigiya, ya faɗi kamanninta, ya ce wanda ta faɗa hannunsa ya tura ta ƙarƙashin tabarmar bayan masallaci, ba mai tambayarsa. Haka al'adarmu take. Daga ranar wuƙar ta zama nauyi ga wanda ya ɗauka. Ba zai yanka da ita ba, ba zai kai ta wajen mai washi ba, dillali ba zai karɓa ba. Kawuna kuwa ya ƙi aron ta wani, ya zauna a gaban teburinsa hannu biyu a gwiwa, masu sayen nama suna tambaya yana ba su labari. Kafin Juma'a aka ɗaga tabarma aka same ta.

Jikata ta kwance zaren. Ta shiga yi mini tambayoyi, rabi da Hausa rabi da Faransanci. Wa zai fara gane alamar? Wa zai ji daɗin mahaucin ya rasa ta? Wa za a zarga in ba a samu ɓarawon ba? Wannan ta ƙarshen ba ta zo mini ba sam, ita ta kawo ta.

A nan ni kuma na yi irin ta masu ba da labari. Na gyara zama na ce, "Sai ɓarawon ya yi nadama, ya je gaban mahaucin ya durƙusa, ya..."

Ta ɗaga hannu. "Tsoho, a nan ka tsaya. Wannan ba naka ba ne, ba nawa ba ne. Shi zai faɗa."

"In ya ƙi tuba fa?"

"Sai mu ga abin da zai biyo baya."

Abin bai kwanta mini ba. Mu da muka tashi da labaran malamai, mun saba mai labari ya riƙe ƙarshe a hannunsa, ya kai mai laifi inda ya dace. Na ce mata labarin da ba a san inda zai sauka ba, ai wasa da hankali ne. Ta yi dariya ta ce dama wasa ne.

Ranar Lahadi na jawo kujerata kusa da teburin. An sayo garba, wato garin rogo da soyayyen kifi, daga bakin titi, ana ci ana wasa. Ta fara: mutanensu sun tashi da safe, sai ga mai shela yana yawo da ganga yana cigiyar wuƙar babban mahaucin gari, wadda da ita kaɗai ake yanka ragon suna, ga kuma jaririn mai gari ana jiran sunansa. An rufe ƙofofin gari. An kama wani baƙo mai sayar da gishiri ana cewa shi ne ya sace ta.

Ƙanen nata ya ce zai sayar da wuƙar. Dillalin cikin labari ya ga alamar ya ja da baya. Ya ce zai jefa ta a rijiya. 'Yar Adjamé mai magani ta ce, "Ka jefa, mai gishiri ya mutu a kurkuku, ni kuma in tona ka." Suka kaure da gardama har garbar ta huce.

Ya juyo gare ni. "Kaka, kai ne ka kitsa mini wannan, ko?"

Na ce, "Ni na sa ka ɗauki wuƙar mutane?"

Bai durƙusa a gaban kowa ba, kamar yadda na so. Ya ce zai lallaɓa ya tura ta ƙarƙashin tabarmar zauren mahauta, inda mai shela ya ce a ajiye. Sauran suka tsara yadda za su ɗauke hankalin masu gadi. Ya jefa ƙwaya, ta ba shi. Jikata ta ce da ya ɗaga tabarmar sai ya tarar da wata wuƙar a kwance, da alama iri ɗaya. Wannan ba ta gaya mini ba. Ni da kaina na ji na ce, "To wacce ce ta gaskiya?" Teburin duka ya fashe da dariya.

Aka kira magariba. Da muka dawo daga masallaci na tarar 'yan Adjamé a bakin ƙofa suna ta musu kan wanda ya ajiye wuƙa ta biyu, har uwarsu ta bugo waya tana nemansu. Taswirar ba a sake ɗaure ta ba, tana jingine a bayan ƙofar ɗakina, wai ni ne mai ajiya.

Jikan nawa bai daina sata a cikin wasan ba, alhamdu lillahi a nan kaɗai yake yin ta. Sai dai yanzu kafin ya miƙa hannu yakan tambayi yayarsa na wane ne, ita kuma ta dube ni, ni kuma in gyara zama.